Sifikar Bluetooth a shagon kamfanin layin waya: yaushe rangwamen yake na gaske, yaushe yake na baka?

Duk wanda ya shiga shagon Verizon, AT&T ko T-Mobile a Amurka don sauya waya zai ga bango guda an jera kayan haɗi: gidan waya, gilashin kare fuska, caja, abin sawa a kunne, sai sifikoki marasa waya na JBL, Bose da makamantansu. Kafin a gama saita sabuwar wayar, ma'aikacin zai ce ai za a iya ɗora maka sifika a kan bil ɗinka na wata, dala goma kacal, ba za ka ma ji a jikinka ba. 'Yan uwanmu da ke zaune can, da masu zuwa ziyara suna neman tsarabar da za su kawo gida, da yawa a nan suke yanke shawara cikin minti biyu.

Abin da ya kamata a fara riƙewa shi ne sifikar Bluetooth ba ta da alaƙa da layi. Ba a sa mata sim, ba ta cin data, ba a kulle ta a kan kamfani ɗaya kamar yadda ake kulle waya. Sifikar JBL Flip 6 ɗin da ke shagon kamfanin layi ita ce dai a manyan shaguna irin su Best Buy, Walmart, Target da Amazon, kwali ɗaya, garanti ɗaya daga wanda ya ƙera ta. Kamfanin layi yana iya yi maka sauƙi mai yawa a kan waya saboda zai fanshe a kuɗin layin da za ka yi ta biya shekara biyu ko uku. A kan sifika ba shi da wannan hanyar fanshewa, don haka shi ma ɗan kasuwa ne kamar kowa, kuma galibi wanda ya fi jinkirin sauke farashi.

Farashin da aka rubuta

Manyan kamfanonin sifika suna gindaya wa dillalansu ƙa'idar mafi ƙarancin farashin da za su iya tallatawa. Shi ya sa in ka zaga shaguna biyar a ranar da babu wani biki, za ka tarar lambobin kusan ɗaya ne. JBL Go 4 ta fito a kan dala 49.95, Clip 5 a kan 79.95, Flip 6 a kan 129.95, Charge 5 a kan 179.95. A 2025 aka fitar da Flip 7 a kan 149.95 da Charge 6 a kan 199.95. Bose SoundLink Flex ta fito a kan 149, Wonderboom 4 ta Ultimate Ears kuma 99.99. Waɗannan farashin fitowa ne. Suna iya motsawa, amma su ne ma'aunin da za ka gwada kowane tayi da shi.

Idan kamfanin da ya ƙera ya buɗe ƙofar rangwame, manyan shaguna sukan sauke tare a mako ɗaya. Lokutan sanannu ne: Black Friday, wato Juma'ar da ke bin Alhamis ta huɗu ta watan Nuwamba, da makonnin da ke kewaye da ita, Prime Day na Amazon a tsakiyar shekara, wanda sauran shaguna kan yi gasa da shi, sai lokacin da sabon samfuri ya fito ana son a kwashe tsohon. Flip 6 ta sha sauka ƙasa da dala 100 a irin waɗannan lokutan. Shafin intanet na kamfanin layi wani lokacin yakan bi sahu, amma takardar farashin da ke maƙale a jikin kanta ba lallai ta sauya ba. Kafin ka miƙa kati, fito da wayarka ka duba farashin samfurin a shafin kamfanin da ya ƙera shi, da Amazon, da shafin kamfanin layin kansa. Aikin minti ɗaya ne, kuma sau da yawa shi kaɗai ya isa ya raba gardama.

Akwai wani abu da baƙi ba su cika lura da shi ba. Ba kowane shago mai ɗauke da tambarin kamfanin layi ba ne na kamfanin. Da yawa dillalai ne masu zaman kansu da aka ba izinin amfani da sunan, irin su Victra da Cellular Sales a ɓangaren Verizon, ko Prime Communications a ɓangaren AT&T. A jikin ƙofa ko tagar shagon za ka ga an rubuta da ƙananan haruffa cewa dillali ne mai izini. Irin waɗannan su ke sa nasu farashin kayan haɗi, su ke da tasu ƙa'idar karɓar kaya in an dawo da shi, kuma abin da ka saya a wurinsu a wurinsu za ka mayar, ba a wani reshen kamfanin ba.

Rangwame iri-iri ne

Wanda ba shi da ƙura shi ne wanda aka zare daga farashin nan take: sifikar 149.95 ta koma 109.95 a rasit, ka biya, ka tafi, babu sharaɗi. In ka samu wannan a shagon kamfanin layi kuma ya yi daidai da na sauran shaguna ko ya fi shi, saya kawai. Yakan faru, musamman a kan tsohon samfuri ko launin da bai karɓu ba, domin shagunan layi ƙanana ne, ba su da wurin ajiye kayan da ya kwana.

Na biyu shi ne na haɗa kaya: sayi kayan haɗi uku a rage maka kashi kaza. A nan ne lissafi ke ɓace wa mutane. Mu ɗauki misali da lambobi na ƙiyasi. Sifika dala 150, gidan waya 50, gilashin fuska 45, jimla 245. An zare kashi 25 cikin ɗari, ka biya 183.75, ka fito kana ganin ka tsira da dala 61. To amma in da ka sayi sifikar a lokacin rangwame a kan 110, ka nemi gidan waya mai kyau na 15 da gilashi na 10 a intanet, da 135 ka kashe. An yi maka ragi a kan kayan da tun farko aka ɗaga farashinsu, kuma gidan waya da gilashi su ne kayan da shagunan waya suka fi cin riba a kai. Wannan tayin yana da amfani ne kawai ga wanda dama ya shigo da niyyar sayen dukkan ukun, masu suna, a farashin da ko'ina haka yake. Ka kuma tambaya ko sifikar na cikin kayan da ragin ya shafa, domin sau da yawa akan cire wasu manyan sunaye daga irin wannan tayin a rubutun da ke ƙasa.

Na uku shi ne biya kaɗan-kaɗan ba ruwa. Wannan ba ragi ba ne ko kaɗan, cikakken farashi ne aka yanka maka gunduwa-gunduwa. Dala 129.95 a wata 12 ta zama 10.83 a wata. Lambar ta yi ƙanƙanta, amma ka biya dala 30 ko fiye sama da wanda ya saya a ranar rangwame. Harajin saye kuma ana karɓarsa tun a ranar farko a kan cikakken farashin. A birnin New York harajin kashi 8.875 ne, wato kusan dala 13.31 a kan sifikar 149.95, a Delaware, Oregon, Montana da New Hampshire babu harajin saye na jiha. Sannan in ka bar kamfanin kafin ka gama biya, ragowar za ta faɗo maka gaba ɗaya a bil na ƙarshe. Amfaninsa na gaskiya ɗaya ne: wanda ba shi da kuɗin a hannu, wanda in ba haka ba katin bashi mai ruwa zai yi amfani da shi, wannan ya fi masa sauƙi. Ga Musulmin da ke gudun riba kuwa, rashin ruwan abin dubawa ne, sai dai ya karanta abin da zai biyo baya in ya makara da biya.

Na huɗu shi ne wanda ya fi jan hankali: sifika kyauta in ka buɗe sabon layi, ko ka sauya zuwa tsari mai tsada, ko ka sa intanet ɗin gida. Gyara ce irin ta mai awo, wadda ba a ba ka sai ka sayi kwanon. Tambayar ita ce nawa kwanon. In tsarin da aka ce ka koma ya ɗara naka da dala 10 a wata, kuma wayar da ka karɓa ta ɗaure ka wata 36 kamar yadda Verizon da AT&T suke yi, ko wata 24 kamar T-Mobile, ka biya dala 360 ko 240 a kan sifikar da kuɗinta bai wuce 130 ba. Wani lokacin kuma kyautar ba a hannu ake ba da ita ba: ana cajin ka kuɗinta duk wata sannan a mayar maka da daidai shi a bil, kuma ranar da ka bar kamfanin mayarwar ta tsaya, bashin ya rage. Wani lokacin sai ka shiga wani shafi ka cike fom cikin wa'adi kafin a aiko maka, kuma da yawa sukan manta har wa'adin ya wuce. Ma'aunin nan mai sauƙi ne: in dama za ka buɗe layin ko da babu sifika, karɓi kyautarka ka yi godiya. In sifikar ce ta sa ka fara tunanin buɗe layin, bar ta.

Ma'aikatan shagon ba mugaye ba ne. Ana auna aikinsu da yawan kayan haɗin da suka liƙa wa kowace waya da aka sayar, kuma kamashonsu na tafiya da hakan. Sanin wannan ya isa ya sa ka ce "bari in duba" ba tare da jin nauyi ba.

Mayar da kaya da garanti

A kan waya, AT&T da shagunan T-Mobile kwana 14 suke bayarwa na mayarwa, Verizon kwana 30, kuma dukkansu suna cire kuɗin mayarwa a kan na'urori. Don haka kafin ka biya kuɗin sifika, ka sa a nuna maka a rubuce kwana nawa ne a kanta da ko za a cire wani abu in an buɗe kwalin. Best Buy kwana 15 ne ga mai saye na yau da kullum, Amazon kwana 30 a yawancin kaya. Costco ta fi kowa sassauci, sai dai sai da katin zama mamba kuma samfuranta kaɗan ne.

A Amazon da shafin Walmart akwai tarko na daban: ba duk kayan da ke shafin ne nasu ba, akwai 'yan kasuwa na waje da ke sayarwa ta ciki. Duba layin da ke nuna wanda ya sayar da wanda zai aiko. A wannan gaɓar shagon kamfanin layi ya ci maki, domin kayansa daga hannun kamfanin da ya ƙera yake fitowa, babu fargabar jabu, kuma za ka iya kunna ta gwaji ka ji sautinta da kunnenka kafin ka biya.

Garantin JBL da na Bose a Amurka shekara ɗaya ne, kuma kamfanin da ya ƙera ne ke ɗauke da shi, ba kamfanin layi ba. Bayan kwanakin mayarwa sun wuce, in ka koma shagon da sifika ta daina caji, lambar JBL za su ba ka. Inshorar da kake biya wa wayarka duk wata ma kada ka ɗauka ta haɗa da sifika sai ka gan ta a rubuce. Ajiye rasit, ka ɗauki hotonsa, don takardar rasit tana gogewa cikin 'yan watanni.

Wace ce ta cancanci kuɗinta

Go 4 ta aljihu ce, awa 7 a caji ɗaya, ta dace da ɗaki ko kicin, ba ta da kaurin sauti. Clip 5 tana da maratayi a jikinta, awa 12. Flip ita ce tsaka-tsaki: Flip 6 tana da wat 20 na babbar sifika da wat 10 na ƙaramar mai fitar da siririn sauti, awa 12. Charge 5 ta fi ta jiki da kauri, awa 20, kuma tana cajin waya daga batirinta, abin da ke da daraja a inda wuta ba ta zama. Bose SoundLink Flex ta fi fitar da muryar mutum tas, kuma tana da makirufo na amsa kira, wanda Flip 5, 6 da 7 ba su da shi. Wonderboom tana watsa sauti ta kowane gefe, tana kuma yawo a saman ruwa in ta faɗa. Kamfanonin da ke ba da sauti mai kyau a farashi mai rahusa, irin Soundcore na Anker, an fi samun zaɓinsu a Amazon da manyan shagunan lantarki. Kantar kamfanin layi samfura kaɗan take ɗauka, yawanci masu tsadar.

Awannin da ake rubutawa a kwali a matsakaicin ƙara aka auna su. In ka ƙure ta, wadda aka ce awa 12 tana iya mutuwa kafin rabin haka. Yawan wat ma kada ya ruɗe ka: ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa a ma'aunin ƙarar sauti, ƙari ne da kunne zai ji amma ba ninkin ƙara ba. Lambobin da ke kan kwalayen sifikokin da ba su da suna, irin wat 500 a abin da bai fi gwangwanin madara ba, ba a kan ma'auni ɗaya suke da na JBL ko Bose ba.

Lambar kariya kuwa tana da muhimmanci. IP67 na nufin ƙura ba ta shiga, kuma za ta jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. IPX7 ruwan kawai aka gwada, harafin X na nufin ba a gwada ƙura ba. Flip 5 IPX7 ce, Flip 6 IP67, Flip 7 IP68. Ga abin da zai sha hazon hunturu a Kano ko Damagaram, wannan bambancin ya fi wat biyar amfani.

Wani kuskure da masu sayen tsohon samfuri a rangwame ke yi shi ne zaton duk JBL tana haɗuwa da 'yar uwarta. Flip 4 da tsarin haɗa sifikoki na Connect+ take aiki. Flip 5, Flip 6 da Charge 5 da PartyBoost. Go 4, Clip 5, Flip 7 da Charge 6 da Auracast. Tsarin ukun ba sa jin yaren juna. Mai Flip 6 da ya sayi Flip 7 don ya haɗa su su yi kiɗa tare, ya sayi sifikoki biyu ne da kowace za ta yi harkarta. In kana da tsohuwa kana son ta biyu, tsohon samfurin da shagon ke neman kwashewa shi ne ma ya fi dacewa da kai, kuma a nan ne rangwamen shagon layi yake da ma'ana sosai.

In tsaraba ce za ta gida

Lissafin yana sauyawa. Garantin Amurka a Amurka yake aiki. In ta lalace a Sakkwato, sai mai gyara. Caji ba matsala ba ne, domin ta USB-C ne kuma duk kan cajar waya mai kyau zai yi. Yawancinsu ma ba sa zuwa da kan caja. In ka haɗa da na Amurka, duba an rubuta 100-240V a jikinsa, sannan ka tuna bakinsa ba zai shiga soket mai ƙafa uku na Najeriya ko mai zagayen rami biyu na Nijar ba sai da adafta. A jirgi, batirin Charge 5 wat-awa 27 ne, ƙasa sosai da iyakar 100 da kamfanonin jirage ke bari. Sa ta a jakar hannu, a kashe.

Babbar tambayar ita ce wa za a kai wa. Flip, Charge, Go da Clip na yanzu ba su da ramin memori, ba sa karanta filashi, ba su da rediyon FM, ba su da ramin wayar odiyo. Dole sai da waya ko kwamfuta a kusa, kuma duk kiran da ya shigo zai katse abin da ake ji. Dattijon da ke son ya sa memori mai karatun Alƙur'ani da tafsiri ya kunna da asuba, ko uwar gida da ke bin shirye-shiryen Freedom Radio tana aiki, sifikar dala 150 ba za ta yi musu abin da MP ta Oraimo ko Zealot daga Farm Centre ko Beirut Road a Kano, ko Banex a Abuja, za ta yi musu ba, a kuɗin da bai kama ƙafar wancan ba. Sautin JBL ya fi, babu musu. Amma ga waɗannan mutanen, turo kuɗin a saya a gida ya fi, ga shi in ta samu matsala akwai shagon da za a koma. Matashin da komai nasa a waya yake, mai son kiɗa mai kauri ko kallon ƙwallo da abokai, shi ne wanda Flip ko Charge za ta burge, kuma Charge 5 ko 6 ta fi saboda cajin waya.

Wannan rashin ramin memorin kuma shi ne hanya mafi sauƙi ta gane jabu a kasuwannin gida. In aka miƙo maka abin da aka rubuta Flip 6 ko Charge 5 a jiki, ka buɗe bayanta ka ga wurin memori, ko ka kunna ta wata murya ta sanar da Turanci cewa Bluetooth ya shirya, ba ta JBL ba ce. Orijina ɗan sautin kiɗa kawai take yi. Sauke manhajar JBL Portable a wayarka ka haɗa su tun kana tsaye a shagon: in ta gaske ce za ta fito da hotonta da sunanta da yawan cajin da ya rage, in jabu ce manhajar za ta yi ta nema ba ta ga komai ba.